Ranar da Aka Shanya Abin Wasan Gwadabe

Gwadabe mutumin Zawaciki ne, shekara tara muka yi tare muna jidar fatu a wata majema da ke Challawa. Ƙato ne mai son a ce ya iya. In aka ce mutum biyu su kama kaya, sai ya ce a matsa masa. A 1983 ƙunshin jiƙaƙƙun fatu ya suɓuto daga kan mota ya sauka a gadon bayansa, tun daga ranar bai ƙara miƙewa sosai ba.

Mai ɗori ya yi nasa, wanzami ya kafa ƙaho, asibiti suka ba da ƙwayoyi, ciwo yana nan daram. Kamfani ya sallame shi da takarda mai hatimi, abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ya koma kwance a tabarma, yana nishi daga safe har yamma.

Filibus, makanikin injinmu, shi ya kai masa wani ɗan abin wasa da wani injiniya baƙo ya bar masa. Bai fi tafin hannu ba, da gilashi a tsakiya, maɓalli dama da hagu. A ciki wani ɗan mutum ne ke kai-komo da kwando yana tare ƙwallaye.

"Ni yaro ne?" in ji Gwadabe.

"Danna dai ka gani," in ji Filibus.

Ya danna. Wallahi da idona na ga mutumin nan ya yi rabin awa bai yi nishi ba. Ya ce mini muddin ɗan mutumin yana gudu, bayan nan kamar na wani ne. Ba warkewa ba ce, yana ajiyewa ciwon zai dawo, amma wannan rabin awar kaɗai ya rage masa a duniya. Mukan tsokane shi mu ce ya samu sabon aiki, ba albashi.

Wata na biyar ɗan mutumin ya soma dusashewa. Batirinsa ƙanana ne kamar maɓallin riga, lokacin kuwa kayan waje sun yi wuya. Filibus ya zaga kasuwannin Sabon Gari da Kwari, masu gyaran agogo suka ce ya dawo wani satin.

Matar Gwadabe, Mairama, ta kasa jure ganinsa haka. Kowa a unguwar ya san in batirin rediyo ya yi sanyi, rana ake sa shi ya farfaɗo. Ba ta san yadda ake buɗe abin ba, don haka da ya samu barci bayan azahar sai ta ɗora shi gaba ɗaya a kan kwanon ɗaki. Da la'asar ta sauko da shi, gilashin ya yi baƙi ƙirin, rana ta ƙone shi.

"Malam, gyara na so in yi," ta ce, tana kuka.

"Na sani," ya ce. Ko tsawa bai yi mata ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi.

Bayan kwana huɗu Filibus ya shigo da gudu a kan kekensa, yana dariya tun daga zaure, da sababbin batir biyu ƙunshe a takarda. Gwadabe ya karɓa, ya yi masa godiya, ya juya fuskarsa bango.