Inda Baba Ya Ce An Harbi Shugaba

Wata Asabar ce cikin Fabrairu, ina aji uku na firamare, Baba ya fito da mu ni da ƙanena Sadiq tun Umma ba ta gama shanya a barandar gidanmu na Taman Melati ba. Lokacin yana karatun digirin digirgir, mu kuwa a Kuala Lumpur muka yi wayo. Najeriya sai dai a hoto, sai ƙullin kuka da daddawar da ake aiko mana. Muka hau jirgin ƙasa muka sauka a tashar Masjid Jamek, ya ce yau da ƙafa za mu bi inda aka kashe shugaban ƙasarmu.

A Obalende ta Legas Baba ya tashi, kuma yana yaro da kunnensa ya ji harbin, wata safiyar Juma'a. Ni dai ban san wannan ba a lokacin. Abin da na sani, ya tsaya gaban wani tsohon gini mai hasumiyar agogo ya ce, "Nan ne barikin da zai je." Muka miƙi hanya cikin rana, gumi na bin bayanmu, Sadiq na mitar takalmi ya matse shi, har wata kwana da motoci suka cunkushe. "Nan suka tare shi. Baƙar marsandi, ba jiniya, ba rakiya." Ya nuna lungun da maharban suka ɓullo, ya sa muka ɗaga hannu muka yi wa mamacin addu'a, masu wucewa na kallonmu. Ko sau ɗaya bai ce mu ɗauka nan ne ba. "Nan ne" ya ce, ni kuma ban san Baba da ƙarya ba. Daga nan ya saya mana gurasar roti da shayi a shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, na ci ina jin kaina wata babba.

Ranar Litinin malamarmu ta ce kowa ya faɗi yadda ya yi hutu. Na miƙe da ƙarfina na zayyana komai, har sunan titin. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ƙasarsu sarki gare ta, yaushe aka yi shugaban ƙasa balle a harbe shi? Ta tsayar da ni a kan kujera har aka fita hutu, wai yaran Afirka akwai shirya labari. Daga ranar 'yan aji suka laƙaba mini maƙaryaciya, ko 'yar carafke suka daina yi da ni. Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Malama guda, ba ta iya tambayar yarinya wace ƙasa take nufi ba?

Na yi ta kuka har Baba ya raka ni makaranta. Na riƙe hannunsa ƙam, ina jiran ya wanke ni a gaban kowa. Sai ga babban mutum ya sunkuyar da kai yana ce wa malamar, wato Cikgu a yarensu, "Sorry, Cikgu, sorry lah." Ko sunan Legas bai ambata ba. Sai da muka fito bakin ƙofa ya gaya mini inda abin ya faru na gaskiya, ya ce, "Ki yi haƙuri, Ummi, mu baƙi ne a nan." Wallahi wannan haƙurin ya fi tsayuwar kujera yi mini ciwo. Kuma bai sake fita da mu wannan yawon ba.

Yanzu Baba yana Kano, gwiwa ta hana shi ko zuwa masallaci da ƙafa. Ni ina nan ina aiki a Bukit Bintang, har yau ban taka Legas ba, ɗana kuwa da Turanci yake amsa mini sallama. Na sha niyyar in kama hannunsa mu zaga garin nan in ba shi labarin ƙasarsa, sai in rasa ta inda zan fara, don rabin labarin kawai aka bari na ji. Sauran yana bakin tsohon da aka sa ya yi shiru.