Waken soyar da aka bari a kwana ranar tseren babura

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar yayana Sale, kuma sai bana na iya ɗaukar biro a kansa. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu da ke yankin Kafur ya san shi: bakanike ne, mai yawan dariya, wanda sau uku yana cinye tseren baburanmu na shekara.

Bayan kaka ake yin tseren. Ba gwamnati ta ba da hutun ba, amma ranar ba mai zuwa gona, teloli da masu niƙa sukan rufe, mata su yi ta suyar waina tun da safe. A tare titi daga bakin kasuwa zuwa gada. Dokar guda ce: tun jajibiri mai shela zai zaga, kowa ya kwashe shanyarsa daga kan kwalta, domin mu a nan titi shi ne wurin shanyar masara da barkono.

Na ji shelar da kunnena. Waken soyata na shanye a kwanar gindin marke, bai gama bushewa ba, ƙyashi ya hana ni kwashewa. Sai na ja shi gefe, wai ai masu tsere tsakiya suke bi. Ni da ko keke ban ƙware ba, ina na san ta gefe ake yanke kwana? Yaya Sale ne a gaba. Tayarsa ta hau waken ta zame, kuma bai kai asibitin Malumfashi da rai ba. Ana cikin koke-koke na saci jiki na share wurin tas.

Kowa ya ce ƙaddara, aka daina tseren. Yau kuwa da Yaya Sale zai dawo, ban san me zai ce ba. Ƙarar baburan da ke fito da mu bakin titi muna tafi, yanzu in aka ji ta da yawa sai uwa ta suri ɗanta a yi cikin dawa don tsoron 'yan bindiga. Matasanmu ba su ma yarda an taɓa yin ranar da babur abin murna ne. Ina jin shiru zai yi, shi da bai iya shiru ba.

Inna, mahaifiyarmu, ita ce ba ta tsaya ga ƙaddara ba. Duk shekara in kaka ta zo sai ta ce, “Wanda ya bar shanyar nan, ban yafe ba.” Ni kuma ina zaune gabanta, ina cin tuwonta, ina cewa ta yi haƙuri. Wallahi na ji tsoron ta tafi da wannan magana a bakinta.

Makon jiya na durƙusa na gaya mata. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, “Isuhu, shekara goma sha biyu ka bar ni ina yi wa ɗana baki?” Ta ce, “Na yafe maka. Tashi ka je.”

Abin da ya rage na Yaya Sale kaɗan ne: akwatin sifanoninsa, da 'ya'ya mata biyu masu irin dariyarsa. Allah ya jiƙansa. Ni kuwa kullum da safe ina zuwa gaishe da Inna, tana amsawa, amma har yau ba ta sake kiran sunana ba.