Akwatin da Na Buɗe a Gonar Kawu

Ban taɓa mantawa da safiyar da na buɗe akwatin nan a gonar Kawu Nomau ba. Shekaru kaɗan ne bayan samun ƴancin kai, ina sabon monitar, wato malamin gona mai zagaya ƙauyuka. An tura ni Gidan Sori, garin mahaifiyata.

Damanar nan darɓa, ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta kama gyaɗa. A buro, wato ofishinmu can Gidan Rumji, shugabanmu ya ba ni akwati cike da wani jan ƙwaro mai ɗigon baƙi, wanda aka kawo daga waje don ya cinye darɓa. Ƙa'idar aiki ita ce a fara duba gona, a rubuta ƙwarin da ke cikinta, kafin a saki komai. Ban duba ba. Ina sauri mutane su ga abin da lakol, makarantar boko, ta koya mini.

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma shi ne Sarkin Noma. Ya tsuguna, ya juya ganye, ya ɗora wani ƙwaro a tafin hannunsa, irin nawa amma ƙarami.

"Ɗana, ga namu nan. Tun zamanin kakanka shi ka cin darɓa. Ba shi kwana goma."

Na ce, "Kawu, wanga cikin jirgi ya zo. Naku ya tsufa, kamar masu shi."

Mutane suka yi dariya. Ya mayar da ƙwaron kan ganye a hankali.

"To, Mushe. Buɗe."

Bai taɓa kirana Mushe ba, laƙabin da ake kiran Turawa da ma'aikatan gwamnati da shi, sai ranar.

Baƙon ya ci darɓa, sannan ya bi ƙwayayen ƙwaron namu ya cinye. Cikin ƴan damuna har abokin aikina na Gangara ya gan shi. Da sanyi yakan cika rumbuna da ɗakuna, yana wari. Ga shi ba ya fitowa sai damana ta yi nisa, darɓar farko ba mai tare ta. Gyaɗar Kawu ta lalace shekara bayan shekara.

Kullum nakan ce gobe zan je in ba shi haƙuri. A ƙarshe sai na nemi canjin wurin aiki. Can saƙon rasuwarsa ya same ni.

Da na je gaisuwa, matarsa ta ce, "Har ya kwanta ciwo yana juya ganye, yana neman ɗan ƙwaronsa. Kai kuwa bai taɓa ambatonka da mugun abu ba."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kafin ku buɗe akwati a gonar mutum, ku tsuguna ku juya ganye, ku bar mai gonar ya gama magana. Ni tun ranar nake juyawa. Ban sake ganin namu ba.