Ranar da Kaltumi Ta Makara

A unguwarmu a Mokolo ba a tambayar ƙarfe nawa, sai dai a ce, "Kaltumi ta wuce?" In ta wuce, to bakwai saura kwata ta yi, mai ɗa a makaranta ya tashi tsaye. Shagon ɗinkina yana bakin mararraba, inda hanyar kasuwa ta haɗu da ta asibiti, kuma shekara da shekaru ina kallon matar nan tana wucewa da farar rigar aiki, ban taɓa ganin ta makara ba. Har haushi take ba ni, ni da mai ɗinkin sallah yake karɓar kayansa ranar yawon sallah.

A ɗan asibitin unguwa take aiki, wajen awon masu ciki. Mijinta Shu'aibu fatauci yake yi zuwa Garwa, sai ya yi sati uku bai leƙo gida ba, don haka komai a wuyanta yake: jaririya a goye, ga Aisatu mai shekara takwas. Ranar Lahadi take niƙa garin sati, ta daka kuka da daddawa, ta goge kayan makaranta ta jera. A bangon ɗakin girkinta ta rubuta da alli abin da za a yi kowace rana. Na taɓa ce mata, "Maman Aisatu, numfashi fa, ƙarfe nawa kika sa shi?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya Hawa'u, da sanyin safiya ake kama fara."

Laraba ce ranar da ta fi ba ta wuya. Ranar kasuwa ce, gari cike, kuma makarantar boko tana tashi sha biyu, ita kuwa ba ta samun fita sai da rabi. Sai ta tsara abinta. Tun safe take zuba wa Aisatu shinkafa da wake a 'yar kula, ta ɗaura mata a ciki da ɗankwali, ta rufa hijabi a kai, don kada abincin ya huce, kada kuma yara su warce. In an tashi, yarinyar ta zo gindin darbejiyar da ke fuskantar shagona ta jira. Uwar ta zo ta raka ta makarantar allo ta Malam Salmanu, can za ta ci, ita kuma ta koma aiki. Doka ɗaya ta kafa mata, kullum sai ta maimaita: "Ko sama da ƙasa za su haɗe, kada ki motsa daga gindin bishiyar nan sai na zo. Kada ki kula kowa, kada ki ba kowa kularki."

To sai shekarar nan ta zo, da aka fara ɗaura wa yara mata bam a ciki ana tura su cikin jama'a. Labari ya riƙa zuwa daga wajen Kolofata, kowanne ya fi na jiya muni. Sojoji suka cika mararraba. Yarinya mai hijabi ta zama abin tsoro, har ni in wata baƙuwa ta tsaya ƙofar shagona sai gabana ya faɗi. Amma wallahi ko sau ɗaya ban tuna da kular Aisatu ba, uwar ma ba ta tuna ba. Abin da ka saba gani kullum ba ya kama maka da haɗari.

Wata Laraba, sha biyu da kwata, aka ji wata ƙara daga wajen tasha. Daga baya ne muka ji wai tayar babbar mota ce ta fashe, amma a lokacin wa zai tsaya tambaya? Kasuwa ta watse, mata suna zubar da kaya, ana tattake juna. Ni da bakina, mai cika baki a unguwa, ƙarƙashin teburin yanka na shige. Da na leƙo ta kafar ƙofa, titi ya zama wayam, ba kowa sai Aisatu a gindin darbejiya, hannu biyu a kan tudun da ke cikinta.

Sojoji uku suka hango ta. Suka ja baya, suka durƙusa bayan buhunan yashi, suka saita bindiga. Babbansu, mutumin kudu ne da ba ya jin Hausa ko Fulatanci, ya riƙa daka mata tsawa da Faransanci: ta fito tsakiyar titi, ta ɗaga hijabi, ta ajiye abin da ke jikinta. Tana jin Faransanci sarai, ai shi ake musu karatu da shi. Amma an ce kada ta motsa, kada ta kula kowa. Sai ta ƙara ƙanƙame kular, tana kallon hanyar asibiti.

Na so in ce abinci ne, amma na ƙara lafewa ƙarƙashin tebur. Tsoro nake ji in na yi motsi ni za a fara harbi. Har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na dubi agogon bango, sha biyu da rabi ta wuce, har ɗaya saura kwata, babu Kaltumi. Ashe waɗanda aka tattake ne aka kwaso musu asibiti, aka hana kowa fita.

Sojan ya fara ƙirga. Yana cewa biyu na ji ƙarar takalmi. Kaltumi ce a guje, goyo yana tsalle a bayanta, jinin mutane a farar rigarta. Ta fizge mayafinta ta yar, ta ɗaga hannu sama, ta shiga tsakanin bindigogin da bishiyar. "Shef, 'yata ce," ta ce da Faransanci. "Shinkafa da wake ne. Ni na ɗaura mata da hannuna."

Ya ce to ta kwance da kanta, a hankali. Ta durƙusa gaban yarinyar, amma ƙullin da ta yi da safe ya ƙi kwantuwa don ta iya ƙulli. Da ƙyar kular ta faɗo, murfi ya buɗe, shinkafa ta watse a ƙasa, har da sauran tururi. Sojojin suka sauke bindiga, ɗaya ya zauna daɓas yana share gumi.

Sai a lokacin Aisatu ta yi magana. Fitsari ya jiƙa mata safa, amma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mama, kin gani, ban motsa ba."

Washegari bakwai saura kwata Kaltumi ta wuce kamar kullum. Da yamma na shiga gidanta, na same ta tsaye a ɗakin girki. Ta goge layin Laraba daga bango, alli yana hannunta, ba ta rubuta komai ba. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Yaya Hawa'u, to me zan ce mata yanzu? In ce ta tsaya, kin ga abin da ya faru. In ce ta gudu, wadda ta gudu ai ba a yi mata ƙirga."