Dizal ya daskare a Tabuk, Hajara na tashar Jidda

Jama'a, yau na ga mai ya koma kakiɗe da idona.

Jiya na sauke kaya a Tabuk, na kashe tirela na kwanta, yadda na saba a Jidda. Da asuba na murɗa makulli, ta yi tari ta mutu. Kuma yau ne jirgin ruwan Sawakin zai tafi da matata Hajara, iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Na yi mata alkawari ni zan kai ta tasha.

Wani direba, Usman, ya kwance filta ya nuna min, dizal ya yi fari ya daskare. Ya ce, "Ya Hajji, man Jidda ka kawo cikin sanyin nan, kuma ka kashe mota? Mu a kunne take kwana."

Muka yi ta dafa ruwa a butar shayi muna kwara mata. Sai azahar ta tashi.

Na kira Hajara, tana tasha tana shirin shiga jirgi. Ta ce, "Halas, shi ke nan Malam, kada ka yi gudu. Na bar maka miya a firji, ka ɗumama."

Yanzu na tsaya bakin teku kafin Yanbu, Jidda da sauran nisa, ina ta hangen ruwa. Na san ba ta nan jirgin yake bi ba.