Gaba Uku na Kakana

Shekarar da aka fara sako ruwan dam a gonakin Bakura, a shekarar ce kakana ya daina ba mu labari. Ina da hannu a ciki, shi ya sa nake rubuta wannan.

Da kaka, in an gama yankan gero, yakan zauna gindin rumbu yana tufka igiya, mu jikoki kewaye da shi. Da ƙuruciyarsa ya bi fatake da jakai zuwa yamma. Ya ce can ya ga raƙumin dawa, tsawonsa gaba uku, yana cin ganye a kan gawo ba tare da ya yi ɗage ba.

Kakata ta ce, "Malam, bara gaba biyu ka ce. Dabbar ga girma takai cikin bakinka?"

Aka fashe da dariya. Ni kuwa na ɗora karan dawa a ka, ina taku ɗaiɗai a tsakar gida ina kwaikwayon dabbar, har maƙwabta suna leƙe. Wasan jika ne, amma ya wuce wuri. Tsoho ya naɗe igiyarsa ya shiga ɗaki. Bai ƙara ba mu labarin tafiya ba har ya rasu.

Na haura hamsin kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Talata Mafara. A littafin karatunmu na ga hoton dabbar. Malaminmu ya ce har yanzu akwai su a Nijar, kuma mutane na zuwa kallo. Da rani na ɗaura niyya, na sa igiyar guga a jaka.

Maiɗakina ta ce, "Mutane na ƙetare iyaka neman abinci, kai za ka gaida dabba!"

Da na isa Nijar, kwana biyu muna yawo a daji da ɗan jagora, wani Bazabarme mai jin Hausa, ba mu ga komai ba sai kashi da sawu. Sauran 'yan kallo suka gaji suka koma. Na ce ni ina nan. Rana ta uku da hantsi ya taɓa kafaɗata. Ga su nan su biyar, suna tafiya kamar ba sa taɓa ƙasa. Babban ya tsaya ya zari ganye daga wani reshen gawo. Na kafa wa reshen ido.

Da suka wuce na tuɓe takalmi na kama itacen.

Ɗan jagora ya ce, "Baba, ƙaya! Hoto bai ishe ka ba?"

Na hau, ƙaya na yagar rigata, na ɗaura igiya a reshen na sako ta ƙasa. Da na sauko na auna igiyar da hannuwana: gaba uku, har da ɗan saura.

Da na dawo na wuce Maradun wurin gwaggona, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakana. Na faɗa mata. Ta ce, "To, wa za ka ba haƙuri yanzu?"

Na tambaye ta sau nawa ya yi irin wannan tafiya. Ta ƙirga da yatsunta. Tara. Ɗaya muka ji. Takwas sun bi shi kushewa.