Mutumin da Ya San Kaburburan Dareta

Ina sanar da jama'ar Anka, cikin alhini, cewa tun ranar Talata an kawo ƙarshen yaƙin Iwo Jima a teburin mai shayin bakin tasha. Kowa zai iya kurɓar shayinsa lafiya, ba mai sake jera masa gwangwanayen madara ya ce jiragen ruwa ne. Ina cikin aji aka leƙo ta taga aka ce Malam Bube ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Makaranta ɗaya muka koyar, shi tarihi, ni Turanci, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai taɓa ganin teku ba. Iyakarsa gulbin Gummi da damina. Amma daga wani tsohon littafi marar bango ya haddace labarin wani ɗan tsibiri mai baƙin rairayi, wato Iwo Jima, inda sojojin ruwan Amurka suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Nakan ce, "Malam, wai mi Amurka ta taɓa ba ka?" Yakan ce, "Ko gaisuwa."

Ba nasarar ce ta dame shi ba. "Kowa tutar da suka kafa yake kallo," in ji shi, "ni ba ruwana da tuta." Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, bayan yaƙi Amurkawa sun koma tsibirin, sun ɗebo mamatansu sun kai wa iyayensu, kowa da sunansa. Japanawan kuwa, da yawa suna nan cikin ramukan dutse, jikokinsu na zuwa nema har yau. Kafin ya kawo nan, shayin ya huce.

Mutumin ƙauyen Dareta ne, nan ƙasar Anka. Shekarar da gubar dalma ta ci yaran garin, yana cikin masu haƙa kabari, har da na jikansa, ɗan 'yarsa Hassi. Ƙananan kaburbura ne, ba suna ba rubutu, sai ɗan icce ko fasasshiyar tukunya. Shi kaɗai ya riƙe wane ke nan, wance ke can. Ruwan farko na sauka zai hau kekensa da fartanya ya je ya gyara waɗanda suka lotsa. Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, iyalinsa suka dawo Anka, bai fasa ba.

Bara ya ce mini, "Zo mu tahi in gwada maka su. Kana da ƙwaƙwalwa, ko da yake ba ka mora ta."

Na gyara zama na yi masa karatu. Na ce mamaci addu'a yake bukata, addu'a kuwa ba ta tambayar hanya. Na ce mu ba sojojin Amurka ba ne. Masu shan shayi suka yi dariya, shi ma ya taya su. Sannan ya ce, "Ai ba don mamatan nike yi ba." Ban tambaye shi don wa ba.

A zaman makoki Hassi ta aiko a kira ni soro. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa.

"Kawu, kullum kuna tare da Baba. In Allah ya kawo lahiya muka koma gida, wanne ne kabarin yarona? Ya gwada maka?"

Na duba soron, cike yake da mutane, amma ba wanda zan juya in tambaya.

Allah ya jiƙan Malam Bube, ya yalwata makwancinsa, ya haɗa shi da yaran da ya yi wa hidima. Allah ya sanyaya zuciyar Hassi da Innarta, ya buɗe musu hanyar gida.

Ni dai har yau ban ba ta amsa ba. Malam, ni ne ban gane ba.